Ma'aunai Masu Rikitarwa a Nahawun Ingilishi: Bayani ta Mahangar Hausa da Misalai daga Gaya da Ajingi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin bambancin da ke tsakanin wasu ma'aunan Ingilishi da ɗalibai Hausawa ke yawan cuɗanyawa, wato "much" da "many", "little" da "a little", "few" da "a few", "less" da "fewer", "some" da "any", sai kuma "each" da "every". An bi hanyar kwatanta nahawun harsunan biyu, aka gina misalai daga rayuwar noma da kasuwanci ta Gaya da Ajingi. Maƙalar ta nuna cewa yawancin bambance-bambancen da Ingilishi ke ɗora wa kalma guda, Hausa ma tana da su, sai dai ta adana su ne a wasu sassa na nahawunta, kamar tsigilau da ƙarfafawa da ninki da gurbin korewa. Malamin da ya san waɗannan sassa zai iya mayar da harshen ɗalibi tsani zuwa ga harshen da yake koya.

Fitilun Kalmomi: ma'auni, mafayyaci, suna ƙirgau, suna gagara-ƙirga, tsigilau, korewa

1.0 Gabatarwa

Ma'auni kalma ce, ko rukunin kalmomi, da ke zuwa cikin yankin suna domin bayyana yawa ko ƙarancin abin da ake magana a kansa. Galadanci (1976) ya kawo shi cikin sassan yankin sunan Hausa. A ɓangaren Ingilishi kuwa, Quirk da abokan aikinsa (1985) sun sanya ma'aunai cikin mafayyata, suka kasa mafayyatan gida uku gwargwadon jeruwarsu kafin suna: na farko irin su "all" da "both", na tsakiya irin su "some" da "any" da "each" da "every", da na ƙarshe irin su "many" da "few" da "little".

Kalmomin ƙanana ne, amma kuskure a kansu yana juya saƙo gaba ɗaya. Shugaban makarantar da ya rubuta wa hukumar ilimi cewa "a few pupils passed" ya ba da labarin ɗan ci gaba. Idan ya yar da harafin "a" ya rubuta "few pupils passed", to ya kai ƙarar makarantarsa da hannunsa. Haka abin yake ga mai fassara labarai a gidan rediyo da mai rubuta rahoton rabon taki da ɗalibin da ke zaune gaban takardar WAEC ko NECO, wanda samun gurbinsa a jami'a ya rataya a kan kiredit a Ingilishi.

1.1 Muhallin Nazari

Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a gabashin Jihar Kano, kuma su biyun tare da Albasu suke da mazaɓar Majalisar Wakilai guda. Gaya tsohon gari ne da tarihin baka ke dangantawa da Abagayawa, maƙeran da aka ce sun je Dutsen Dala neman tama. Noma da kiwo su ne manyan sana'o'in yankin, kuma Hausa ce harshen gida da kasuwa da masallaci, har ga Fulani da yawa da ke zaune a can. Tsarin Ilimi na Ƙasa, a bugunsa na 2004, ya tanadi a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru uku na farkon firamare, sannan Ingilishi ya karɓi ragama daga aji huɗu. A aikace, yaron ƙauyen Gaya ko Ajingi ba ya cin karo da Ingilishi sosai sai a cikin aji. Harshe na biyu da kunnensa ya saba da shi shi ne Larabcin makarantar allo da Islamiyya, wanda shi ma kalma ɗaya yake amfani da ita wajen nuna ƙarancin ruwa da ƙarancin mutane. Daga wannan kalma ce Hausa ta aro "ƙalilan".

Weinreich (1953) ya yi bayanin yadda harshe ke yin katsalandan a cikin wani idan sun haɗu a bakin mutum ɗaya, Lado (1957) kuma ya ɗora a kai da cewa wuraren da harsuna biyu suka saɓa su ne suka fi ba mai koyo wahala. A kan wannan mahanga aka gina bayanan da ke tafe. Alamar tauraro a gaban misali tana nufin ginin bai karɓu ba a daidaitaccen Ingilishi.

2.0 Ƙirgau da Gagara-ƙirga: "Many" da "Much"

Ingilishi yana tilasta wa mai magana ya tantance ajin suna kafin ya zaɓi ma'auni. "Many" na tafiya da suna ƙirgau a jam'i, "much" kuma da suna gagara-ƙirga. Hausa ba ta ɗora wannan sharaɗi ba:

(1) a. manoma da yawa = many farmers
b. gero da yawa = much millet

"Da yawa" asalinsa harafin "da" ne haɗe da sunan "yawa", saboda haka babu ruwansa da ajin sunan da ya gabace shi. Akwai kuma bambancin gurbi. Bahaushe kan furta suna tukuna, ma'auni ya biyo baya. Mai magana da Ingilishi kuwa sai ya yanke hukunci a kan ajin sunan tun kafin sunan ya fito daga bakinsa.

Ƙa'idar a kanta mai sauƙin haddacewa ce. Wahalar tana wajen gane ajin da kowane suna ya faɗa, domin harsunan biyu ba a wuri ɗaya suka ja layi ba. A rumbun manomin Ajingi, gero da dawa da wake da gyaɗa duk abu ɗaya ne ta fuskar nahawu: ana auna su da mudu ko tiya ko kwano ko buhu, ba a ƙirga ƙwayoyinsu. Ingilishi ya raba su biyu. "Millet" da "sorghum" gagara-ƙirga ne, amma "beans" da "groundnuts" ƙirgau ne a jam'i. Haka sauro da ƙuda da albasa, waɗanda Bahaushe kan bari a sigar tilo ko da sun cika ɗaki:

(2) a. Akwai sauro da yawa bana.
b. *There is much mosquito this year.
c. There are many mosquitoes this year.

Akasin haka ma yana faruwa. Akwai sunaye da Hausa ke jam'antawa hankali kwance, alhali takwarorinsu na Ingilishi ba sa karɓar jam'i: shawarwari, bayanai, labarai, kayayyaki, hujjoji. Daga nan ake samun "*many advices" da "*many informations" da "*many equipments". Jowitt (1991) ya tattauna irin wannan jam'antawa cikin siffofin Ingilishin Nijeriya, abin da ke nuna matsalar ta wuce ƙasar Hausa. Kalmar "kuɗi" tana da nata labarin: asalinta jam'in "wuri" ce, shi ya sa ake cewa "kuɗin sun ƙare". Ɗalibin da ya rubuta "*many money" yana bin wannan tsohuwar ƙa'ida ce ba tare da ya sani ba.

Ya kamata a ƙara da cewa "much" bai cika zama daram a jimla tabbatacciya ba. Ya fi sakewa a korewa da tambaya, kamar "we did not get much rain". A tabbatacciya an fi cewa "a lot of rain", kuma "a lot of" yana tafiya da ajin sunaye biyun, tamkar "da yawa".

3.0 Alƙiblar Magana: "Few" da "A Few", "Little" da "A Little"

Nan ne ruɗanin ya fi zurfi, domin matakai biyu ne aka ɗora wa juna. Mataki na farko shi ne wanda aka gani a sama: "few" na ƙirgau ne, "little" na gagara-ƙirga. Mataki na biyu ya shafi inda mai magana ya fuskantar da hankalin mai sauraro. Adadin na iya zama ɗaya a zahiri. Idan aka sa "a", ana nuni ga abin da aka samu. Idan aka cire shi, ana nuni ga giɓin da ya rage. Ducrot ya yi irin wannan bayani a kan takwarorinsu na Faransanci, inda ya nuna cewa kowannensu yana jan mai sauraro zuwa ga wani hukunci daban.

Idan aka fassara kalmomin huɗu da "kaɗan", kamar yadda akan yi a cikin aji, an rufe wa ɗalibi ƙofar gane bambancin. Alhali Hausa tana rarrabewa sarai:

(3) a. Akwai ɗan ruwa a randa, je ka yi alwala.
= There is a little water in the pot.
b. Ruwan randar kaɗan ne, sai an je rijiya.
= There is little water in the pot.

(4) a. Mun samu 'yan buhuna bana, alhamdu lillahi.
= We got a few bags this year.
b. Buhuna kaɗan ne muka samu bana, sai haƙuri.
= We got few bags this year.

Abubuwa biyu ne suka fito fili. Na farko, tsigilau shi ne ke ɗaukar ma'anar "a little" da "a few", kuma yana bin adadin suna: "ɗan gishiri" da "'yar miya" a tilo, "'yan kwanaki" da "'yan awaki" a jam'i. Ke nan a wannan lungu na nahawunta, Hausa ta kusanci rabon da Ingilishi ya yi tsakanin gagara-ƙirga da ƙirgau. Na biyu, ma'anar "little" da "few" tana fitowa ne idan aka ƙarfafa "kaɗan" da dirka, aikatau kuma ya koma shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wato "muka samu" a madadin "mun samu". Abin da Ingilishi ya yi da harafi ɗaya, Hausa ta yi shi da sauya ginin jimla.

Jelar da ke biyo bayan kowace jimla ita ce ma'aunin gwaji mafi sauƙi. Idan aka musanya su, aka ce "buhuna kaɗan ne muka samu, alhamdu lillahi", za a ji godiyar ta zama ta mai haƙuri da ƙaddara, ta daina zama ta mai murna. Ingilishi yana da nasa gwajin. "Few" da "little" suna aiki kamar korewa, har suna ba "any" damar shigowa jimla, abin da "a few" ba ya yi:

(5) a. Few farmers received any fertiliser.
b. *A few farmers received any fertiliser.

Akwai gine-gine biyu da ke ƙara ruɗa ɗalibi. "Only a few" yana mayar da alƙiblar zuwa ga ƙaranci, daidai da "'yan ƙalilan kawai" ko "'yan tsiraru". "Quite a few" kuwa yana nufin yawa ne, kuma takwaransa na Hausa shi ne "da dama". Wanda ya fassara "quite a few traders came" da "'yan kasuwa kaɗan ne suka zo" ya kifar da ma'anar, domin abin da aka ce shi ne 'yan kasuwa da dama sun zo.

Daidaiton tsigilau da waɗannan ma'aunai yana da iyaka. "'Yan kuɗi" jam'i ne a Hausa saboda dalilin da aka ambata, amma fassararsa "a little money" ce. Haka nan idan tsigilau ya zo da suna ƙirgau a tilo, kamar "ɗan ɗaki", ƙanƙantar jiki yake nufi. Ingilishi ma yana da wannan harshen damo, domin "a little room" na iya nufin ƙaramin ɗaki ko ɗan sarari. Dalili kuwa shi ne "little" da "much" sun faro ne a matsayin kalmomin girma da ƙanƙanta kafin su zama ma'aunai.

4.0 Kwatanci: "Fewer" da "Less"

Hausa ba ta da ɗafin kwatanci. Da aikatau take yin aikin, kamar "fi" da "kai" da "gaza": "shanun bana ba su kai na bara yawa ba", "ruwan bana bai kai na bara ba". Ingilishi yana buƙatar "fewer cows" a ta farko, "less rain" a ta biyu. Wannan rabo bai kai na "many" da "much" ƙarfi ba. An fi danganta ƙa'idar da Robert Baker, wanda ya kawo ta a 1770 a matsayin abin da ya fi masa daɗin ji, alhali an daɗe ana amfani da "less" tare da ƙirgau tun zamanin Sarki Alfred. Har a Ingila muhawarar ba ta mutu ba, domin a 2008 kamfanin Tesco ya sauya rubutun da ke kan layin biyan kuɗi na kantunansa saboda sukar da aka yi wa amfani da "less" a gaban abin ƙirgawa. Duk da haka, mai duba jarrabawa ƙa'idar Baker yake bi. Inda aka yi rangwame shi ne kuɗi da lokaci da nisa, waɗanda ake ɗauka a dunƙule: "less than five hundred naira", "less than ten kilometres".

5.0 "Some" da "Any"

An saba fassara "some" da "wani" ko "wata" ko "wasu", amma aikinsu bai zo ɗaya ba. Mafayyatan Hausa suna nuni ne ga wani abu takamaimai da mai magana bai bayyana ba, wani lokaci ma suna nufin ƙari, kamar a "ba ni wani", wanda fassararsa "give me another" ce. Inda Ingilishi ke sa "some" domin nuna adadi marar iyaka, Hausa takan bar suna tsurarsa: "sayo mana goro" daidai yake da "buy us some kola nuts".

"Any" yana maye gurbin "some" a korewa da tambaya da sharaɗi. A korewa Hausa takan bar suna tsurarsa, ko ta ƙara "ko" domin jaddadawa:

(6) a. Ba ni da kuɗi. / Ba ni da ko sisi.
b. I do not have any money.
c. *I do not have some money.

A tambaya kuwa, zaɓin ya danganta da abin da mai tambaya ke tsammani. Mai masaukin da ke tayi zai ce "would you like some water?" domin yana fatan a karɓa. Mai tambayar da bai san amsa ba zai ce "is there any water?"

6.0 "Each", "Every" da Gurbin Korewa

Jaggar (2001) ya rarrabe ma'aunan game-gari na Hausa gida biyu: "duk" mai tattarawa, da kalmomin da ke farawa da "ko" masu rarrabawa, irin su kowa da kowane da kowace. Kalmar "kowane" ita kaɗai tana ɗaukar nauyin "each" da "every" da "any". "Every" yana kallon jama'a ne a matsayin rukunin da bai gaza uku ba, yana kuma karɓar "almost", kamar "kusan kowane". "Each" yana kallon ɗaiɗaiku, yana aiki ko da abu biyu ne, kuma yana iya tsayawa ba tare da suna ba. Shi ya sa "ta sa lalle a kowane hannu" ke buƙatar "each hand", kuma "kowane ɗaya daga cikin ɗaliban" ke zama "each of the pupils" ko "every one of the pupils", ban da "*every of the pupils". Hausa tana da hanyar da ta keɓanta da ma'anar "each", wato cikakken ninkin lamba: "ya ba su naira ɗari-ɗari" daidai yake da "he gave them a hundred naira each".

Babban haɗarin yana wajen korewa:

(7) a. Ban ga kowane malami ba. = I did not see any teacher.
b. Ba kowane malami na gani ba. = I did not see every teacher.

A (7a) babu malamin da aka gani ko ɗaya. A (7b) an ga wasu, ba a ga wasu ba. Kalmar Hausa ba ta sauya ba, gurbin korewa ne ya sauya. Ɗalibin da ya haddace cewa "kowane" shi ne "every" zai fassara (7a) da jimlar Ingilishi ta (7b). Jimlar tasa ba ta da aibi a nahawu, saboda haka malami na iya wuce ta bai lura ba, alhali ta faɗi abin da ɗalibin bai nufa ba. A rahoton mai duba makarantu ko bayanin shaida a gaban kotu, wannan tazara ce tsakanin laifin kowa da laifin wasu.

Irin wannan ne ke faruwa da "duk" idan abu biyu ne. Hausa takan ce "duk su biyun", Ingilishi kuma ya keɓe "both" domin haka, ya hana "*all the two".

7.0 Abin da Wannan ke Nufi ga Koyarwa

Jerin kalmomi da fassararsu ɗaya bayan ɗaya, wato "few" kaɗan, "every" kowane, "some" wasu, shi ne ke haifar da yawancin kurakuran da aka tattauna. Abin da ya fi dacewa shi ne malami ya kwatanta jimla da jimla. Zai iya fara darasin "a little" da "little" da tambayar ɗalibai bambancin "akwai ɗan hatsi a rumbu" da "hatsin rumbun kaɗan ne", domin duk yaron da ya tashi a gidan noma ya san wacce ce ke hana maigida barci. Haka nan ya kamata a koyar da kowane sabon suna tare da ajinsa, a fi mayar da hankali ga sunayen da harsunan biyu suka saɓa a kansu, irin su wake da gyaɗa da shawara da kuɗi. Kalmomin awo na kasuwa ma abin amfani ne, domin yadda "mudu uku na gero" ke mayar da gagara-ƙirga abin lissafi, haka "three pieces of advice" ke yi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ma'aunan Ingilishi masu rikitarwa sun rabu ne bisa ginshiƙai uku: ajin suna, da alƙiblar magana, da yanayin jimla ta fuskar tabbatarwa ko korewa. A ginshiƙi na farko Hausa ta saɓa wa Ingilishi sosai, don haka sai an koyi sunaye ɗaya bayan ɗaya. A sauran biyun kuwa ɗalibin Gaya da Ajingi ya zo aji da bambancin a bakinsa, cikin tsigilau da ƙarfafawa da ninki da gurbin korewa. Akwai buƙatar masu nazarin Hausa su tattara rubuce-rubucen ɗaliban yankin domin auna wane kuskure ya fi yawa a wane aji, su kuma duba ko ɗaliban da suka tashi da Fulatanci suna yin kurakurai iri ɗaya da na takwarorinsu Hausawa.